Filayen Jama'ar Kano: Biro Ɗaya Ke Bayarwa, Biro Ɗaya Ke Rushewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka sama mini gurbi a shafin wasiƙu in faɗi albarkacin bakina kan rigimar filayen gwamnati a Kano, wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun rusau ɗin watan Yunin 2023. Ni tsohon ma'aikacin safiyo ne. Ƙuruciyata da ƙarfina a awon fili suka ƙare, kuma ko da na yi ritaya ban daina bin abin da ake yi da ƙasar garin nan ba. Ba ni da katin kowace jam'iyya.

Duk dare idan ka kunna rediyo za ka ji sojojin baka sun ja daga. Wannan ya ce tsohon gwamna Ganduje ya sayar da Kano har da harabar masallaci da gefen maƙabarta. Wancan ya ce Abba, wanda ya gaje shi, ya baje dukiyar bayin Allah saboda gabar siyasa. Kowane ɓangare yana da abin nunawa, shi ya sa musun ba ya ƙarewa. Ni abin da ke hana ni barci daban ne. Ta yaya muka yarda da tsarin da mutum ɗaya, ko wane ne shi, zai iya ba da Filin Idi a yi shaguna, wani mutum ɗaya kuma ya zo ya kwantar da su a dare ɗaya, babu dokar da ta tilasta wa ɗayansu ya je majalisa ko ya nuna wa jama'a takarda, sannan a buɗe baitulmali a biya asarar da aka yi?

Bari in tuna wa mai karatu yadda abin ya gudana, don sabuwar rigima takan sa mu manta ta jiya. An yi zaɓen gwamna ranar 18 ga Maris 2023. Tun kafin a rantsar da shi, Injiniya Abba Kabir Yusuf ya fitar da gargaɗi ga masu gini a filayen makarantu da asibitoci da maƙabartu da masallatai da jikin badala cewa su dakata. Aka rantsar da shi ranar 29 ga Mayu. Ba a cika mako guda ba katafila ta shiga Filin Sukuwa da ke Nasarawa cikin dare, ta kwantar da bene mai hawa uku mai shaguna 90. Daga nan sai gine-ginen da aka yi a tsohon otal ɗin Daula, sai Sansanin Alhazai, sai shagunan Filin Idi na Ƙofar Mata, sai shataletalen ƙofar Gidan Gwamnati da aka gina don tunawa da cikar jihar shekara 50. Duk wanda ke gari a makonnin nan ya ga matasa da guduma da zarto suna bin katafila a baya, suna kwasar rodi da ƙofofi da tagogi da kwanon rufi, wasu a ka, wasu a baro, wasu a Adaidaita Sahu.

Mutanen Dakta Abdullahi Umar Ganduje suka ce haɗin gwiwa aka yi da 'yan kasuwa don a raya wuraren da suka mutu, jiha ta samu kuɗin shiga. Sabuwar gwamnati ta ce rabon ganima aka yi tsakanin 'yan uwa da abokan siyasa. Masu shagunan Filin Idi suka garzaya kotu, kuma ranar 29 ga Satumba 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnatin jiha ta biya su diyyar naira biliyan 30. Aka kai ruwa rana, har maganar riƙe asusun gwamnati ta taso, daga bisani a watan Disamba aka yi sulhu a kan biliyan 3.

To, Malam Edita, biliyan ukun nan daga aljihun wa? Wanda ya sa hannu aka ba da filin bai biya ko kwabo ba. Wanda ya ba katafila umarni shi ma bai biya ba. Kuɗin mai tura ruwa ne da mai sayar da ƙosai da malamin firamare da ake cire wa haraji tun kafin albashi ya shigo. Auren gata 1,800 da gwamnati ta ɗaura a watan Oktoban shekarar, naira miliyan 854 aka ware masa. Ke nan diyyar wuri ɗaya tak ta ninka kuɗin wancan gagarumin biki fiye da sau uku. Ba a yi maganar siminti da rodi da suka zama ɓaraguzai ba, ba a yi maganar kuɗin lauyoyi da man katafila ba, ba a kuma yi maganar sauran ƙararrakin da masu gine-gine suka shigar ba.

Tushen ciwon yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa. Sashenta na farko ya damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin jama'a. Sashe na 2 ya ce a kafa kwamitin da zai riƙa ba shi shawara kan rabon filaye a birni, amma shi ke naɗa 'yan kwamitin, kuma shawarar idan ya ga dama ya ɗauka. Shi ke ba da shaidar mallaka. Ko gidanka za ka sayar ko ka jinginar a banki, sashe na 22 ya ce sai da amincewarsa. Sashe na 28 kuma ya ba shi ikon soke takardarka idan ya ce maslahar jama'a ta buƙaci haka. An yi dokar ne don gwamnan soja wanda ba shi da majalisa, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda ba ta gyaruwa sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulkin kansa. A Arewa ma ba baƙuwa ba ce, don Turawa sun kafa mai kama da ita tun 1910, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta a 1962. Abin da ya canza shi ne darajar ƙasa. A da gwamna yana raba daji ne. Yau taku goma a bakin titin BUK ko kusa da Kantin Kwari ya fi ƙarfin fansho na ma'aikaci har ya mutu.

Kuma kafin Bature da soja, garin Hausa yana da huruminsa. Maƙabarta da filin Idi da bakin rafi da makiyaya da burtali ba na sarki ba ne balle ya kyautar. Malamanmu sun karantar da mu cewa da aka ci ƙasar Iraƙi, sahabbai mayaƙa sun nemi a raba musu gonakinta, Sayyidina Umar ya ƙi, saboda haƙƙin Musulmin da za su zo daga baya. Wannan fahimta ce nake ganin ta ɓace mana: filin jama'a yana da masu shi da ba a haifa ba tukuna, kuma ba wanda ya tambaye su.

Ga yadda fili ke salwanta, don na gani da idona. Idan aka zana sabuwar unguwa, awon gwamnati nake nufi ba awon igiya ba, taswirar tana fitowa da komai a muhallinsa. Ga fulotai da lambobinsu, ga tituna da faɗinsu, ga kuma wuraren da aka keɓe aka rubuta musu makarantar firamare, asibitin sha-ka-tafi, kasuwa, masallacin Juma'a, maƙabarta, filin wasa. Mu ne ke zuwa mu kafa duwatsun siminti a kusurwoyi, kowanne da lambarsa a ka. Sai a shekara goma, sha biyar, ba a zo an gina makarantar ba, don ba a taɓa sa ta a kasafin kuɗi ba. Ciyawa ta fito, a fara zuba shara, yara su kafa sandunan gola. Sai wani mai ƙafa a ofis ya rubuta cewa ya ga fili ba kowa, yana nema. A tura jami'i ya duba, ya rubuto cewa lallai babu gini a wurin. A canza manufar filin a takarda, a yanka shi gida shida ko takwas, a ara musu lambar fulotin da ke maƙwabtaka a ƙara A da B da C a gaba. Sau da yawa idan ka ga lambar fuloti da harafi a wutsiyarta a tsohuwar unguwa, to akwai labari a bayanta. Kafin mai unguwa ya ji, takardar ta bi hannun dillalai ta canza mai ita sau biyu ko uku.

Haka aka yi da filin asibitin unguwar da nake zaune. Na san wurin tun yana kan taswira. Wata safiya muka tashi muka ga tifa ta juye yashi, an jibge bulo. Muka haɗu da liman da mai unguwa da wasu dattawa muka rubuta koke muka kai inda ya kamata. Aka karɓa, aka buga hatimi, aka ce mu dawo. Muna komawa ana ɗaga mu, har gini ya kai linta. Da muka tunkari mai ginin sai ya shiga mota ya fito da fayil: takardunsa cif, da rasit na duk kuɗin da ya biya. Shi ne na uku da filin ya zo hannunsa, kuma rabonsa na gidan gado ya sayar ya saya. Muka rasa abin ce masa. Yau gidaje ne a wurin da shaguna a gabansu, matan unguwa kuma idan naƙuda ta zo cikin dare sai an fita neman abin hawa zuwa wata unguwa. Ba zan faɗi zamanin wa aka yi wannan ba, don ba shi ne abin dubawa ba. An yi irinsa lokacin soja, an yi lokacin farar hula, an yi kafin mutanen nan biyu da ake ta musu a kansu su hau kujera.

Ban ce duk hujjar mutanen Ganduje banza ce ba. Gaskiya ne Daula, otal ɗin gwamnati tun shekarun 1970, ya daɗe da durƙushewa. Gaskiya ne an rufe kamfanin jaridar Triumph a 2012, gidan da ya riƙa buga Albishir da Alfijir, kafin a zo a mai da harabarsa shaguna. Gaskiya ne kangon da aka bari ba kulawa yakan zama matattarar 'yan daba da masu shaye-shaye. Haɗin gwiwa da ɗan kasuwa ba haramun ba ne. Amma idan ciniki na gaskiya ne, me zai hana a yi shi da rana tsaka? A wace jarida aka tallata? Su wa suka taya, nawa kowa ya taya? Wane ƙwararre ne ya yi wa filin ƙima? Nawa aka biya, a wane asusu ya shiga? Sashe na 120 na tsarin mulki ya ce duk kuɗin shigar jiha asusu ɗaya yake shiga, ba ya fita sai majalisa ta amince. Wanda ya ce ya sayar don amfanin Kano, ya nuna mana layin da kuɗin ya shiga da aikin da aka yi da shi, musu ya ƙare. Kuma ko da an nuna, akwai wuraren da ba su da farashi. Fili sau ɗaya ake sayar da shi, albashi kuwa duk wata yake dawowa. Lokacin da aka sanar a 2020 cewa za a mayar da gidan zu na Audu Bako zuwa Tiga, tambayar da kowa ya fara yi ita ce wa za a ba filin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda yardar jama'a ta kai.

Ga mutanen Abba kuma, ni ma na ji daɗi da aka samu mai cewa badala da Filin Idi da harabar makaranta ba na sayarwa ba ne. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara kusan shekara 900 da suka wuce, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, ba abin da za a yanka fuloti-fuloti ba ne. Kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: cikin masu ginin akwai waɗanda suka san sarai abin da suka saya, suka ji gargaɗi, suka ƙara leburori ana zuba kankare har dare. Amma akwai irin mutumin da ya fito mana da fayil, wanda ya saya a hannu na uku yana ganin hatimin gwamnati. Gwamnati ɗaya ce ko an canza mai kujera. Idan hatiminta na bara ya zama banza bana, wa zai sake yarda da takardar Kano, ɗan kasuwa ne ko banki? Dokar da ta ba gwamna ikon soke mallaka ita ce ta ce a ba da sanarwa, ta kuma yi maganar diyya. Kwamitin shari'a da zai binciki yadda aka yi da kadarorin jiha sai a watan Afrilun 2024 aka ƙaddamar da shi, wata goma bayan katafila ta gama aiki. Da shi aka fara, da yanzu muna da sunaye da lambobin fayil, da an ware mai laifi daga wanda aka cuta. Sannan ginin da aka riga aka kammala, idan kotu ta tabbatar an same shi ta haramtacciyar hanya, me ya sa ba za a ƙwace shi a mai da shi azuzuwa ko asibiti ko a sa haya kuɗin ya shiga asusun jiha ba? Wanda ya toshe hanyar ruwa ko ya hau kan kabari, wannan a rushe, ba ni da ja.

Na ambaci hanyar ruwa don nan ne ake biyan bashin da ba a rubuta ba. Kududdufan da muka taso muka gani a cikin birni, waɗanda aka haƙa aka yi ginin ƙasa da su, su ne ke shanye ruwan damina. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, kuma 'yan kasuwar da kansu suka nuna gine-ginen da aka ɗora kan magudanar ruwa. Wanda ya karɓi kuɗin wurin ya tafi da nasa. Asarar ta faɗa kan mai shago, gyaran kuma ya faɗa kan kasafin kuɗi.

Shi ya sa nake cewa maganar fili da maganar kashe kuɗin gwamnati magana ɗaya ce. Filin asibitin unguwarmu ya tafi ne saboda an shekara da shekaru ba a ware masa ko kuɗin katanga ba. A daidai wannan lokaci gadar sama ba ta taɓa rasa kuɗi ba. Kwankwaso ya yi ta Ƙofar Nasarawa, Ganduje ya yi ta Dangi da ta Hotoro, Abba ya ɗauko ta Tal'udu da ta Ɗan Agundi. Ban ƙi gada ba, duk mai bin titunan nan ya san cunkoson da ake sha. Amma gada ana ganinta daga nesa, ana yanke mata kyalle, ana sa mata suna. Katangar makarantar firamare a bayan gari ba mai zuwa buɗe ta. A aikina na auna makarantun da ko takardar shaidar filinsu ba su da ita, hedimasta bai san inda iyakarsa ta tsaya ba sai abin da tsofaffin unguwa suka faɗa masa. An ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kasafin 2025 ya haura naira biliyan 700, ilimi ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku. Madalla. Ina so in ga layi guda a ciki da aka rubuta: awo da kafa duwatsu da katange filayen makarantu da asibitoci da maƙabartu, da fitar musu da shaidar mallaka da sunansu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kason da jihohi ke samu daga Abuja ya ƙaru ƙwarai, don haka uzurin babu kuɗi ya yi rauni.

A karkara ma haka abin yake, sai dai can ba kyamara. Dokar makiyaya ta 1965 ta keɓe wuraren kiwo, ga burtalai da kowa ya sani tun kaka da kakanni. An nome wasu, an ba masu hali wasu. Idan Bafulatani ya zo da shanu ya tarar da hanyarsa ta zama gona, abin da ke biyo baya mun san shi, kuma kuɗin tsaro da na sulhu daga baitulmali ɗin nan dai suke fita.

Maganata ta ƙarshe ga 'yan majalisar dokokin jiha su 40 take. Na san ba su da ikon taɓa dokar 1978. Amma suna da ikon yin dokar yadda za a riƙa sarrafa kadarorin jihar Kano, kuma ita ce muke buƙata, a yi ta yanzu, ta hau kan gwamna mai ci da duk mai zuwa bayansa. A yi rajistar duk filin jama'a a ƙananan hukumomi 44, da taswira da girma da abin da aka keɓe shi domin sa. KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jiha, tana da na'urorin yin wannan. A sa a intanet, a kuma liƙa kwafin kowace unguwa a ƙofar gidan mai unguwa da ofishin hakimi, don mutumin da ba ya taɓa kwamfuta shi ne ke kwana kusa da filin. Duk abin da ya shiga rajistar kada a canza masa manufa sai an yi shela, an saurari mutanen unguwa, majalisa ta kaɗa ƙuri'a a bainar jama'a, kowane ɗan majalisa a san inda ya tsaya. Wanda aka yarda a sayar a yi gwanjonsa a fili, kuɗin ya fito da sunansa a kasafi, Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha ya bi sawunsa. Badala da maƙabarta da filin Idi da kududdufi da burtali a cire su daga ciniki gaba ɗaya. Kada katafila ta taɓa ginin da ke da takardar gwamnati sai da umarnin kotu. Jami'in da ya sa hannu a haramtaccen yanka kuwa, tun daga mai duba fili har mai babban biro, diyyar ta biyo shi gida ko ya bar ofis.

Kai kuma Malam Edita, ina da roƙo. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 tana nan. Ka tura wakilinka ya nemi yarjejeniyar da aka ƙulla kan Daula, da jerin waɗanda aka fara ba wurare a Filin Idi da abin da kowa ya biya, da shaidar yadda aka biya diyyar biliyan 3 da layin kasafin da aka ɗebo ta, da abin da kwamitin binciken kadarori ya gano. Idan an ba ku, ku buga mana da Hausa yadda mai shayi da fasinjan Adaidaita za su karanta su gane. Idan an hana ku, ku buga cewa an hana ku, da sunan ofishin da ranar da kuka je.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin safiyo,
daga birnin Kano.